Ragar Gaban Motar Ikkilisiya: Yadda Ake Cire Ta, a Gyara, a Mayar

A wannan fitowa, shafinmu na kula da kayan aiki zai yi magana a kan wani abu da yawancinmu muke ɗauka kwalliya ce kawai, wato ragar nan mai ƙyalli da ke gaban mota tsakanin fitilu biyu. Makanikai suna ce mata giril.

Wata damina na je wani ƙauye rabon irin masara, na tarar da tsohuwar a-kori-kurar gundumar ikkilisiya a gindin mangwaro, gabanta a buɗe kamar bakin da ba haƙora. Wani dattijon ikkilisiya ya tambayi direban ya ce, "Ɗana, ina ragar gaban motar nan?" Direba ya ce, "Baba, ai tsatsa ta cinye ta, gefe ɗaya ma ya karye. Na cire na jefa ƙarƙashin rumbu. Ado ce kawai, ba da ita mota take tafiya ba." Dattijo ya girgiza kai, ya yi shiru.

Ba a yi wata guda ba, cikin dare, aka ɗauko wata 'yar'uwa mai naƙuda za a kai ta asibiti. Suna bin bayan wata babbar mota a hanyar tsakuwa sai dutse ya taso ya huda lagireto. Ruwa ya tsiyaye, direba bai lura ba sai da tururi ya turnuƙe. A kan babur aka ƙarasa da matar. Allah ya yi jinƙai, uwa da jariri suna nan lafiya. Amma gasket ɗin kan inji ya ƙone, motar ta yi wata biyu a ajiye, kuma kuɗin da aka tara domin kwanon rufin majami'a shi aka kai wa makanike. Gyaran ragar da aka jefar bai wuce aikin kwana biyu da gwangwanin fenti biyu ba.

AIKIN DA RAGAR TAKE YI

A bayan ragar nan lagireto yake. Aikinsa shi ne ya sanyaya ruwan da ke zagaya inji. An yi shi da siraran bututu da filla-fillan ƙarfe marasa kauri, waɗanda ko da farce za ka iya lanƙwasawa. Iska tana shiga ta gaba, ta bi tsakanin filla-fillan, ta tafi da zafin. Don haka ragar tana da aiki biyu: ta bar iska ta wuce, ta kuma tare duwatsu, itace, karan dawa, da tsuntsu ko kazar da mota ta buge. A motocin da ke da na'urar sanyaya ɗaki, akwai wani abu mai kama da lagireto a gabansa, shi ne ma duka ke fara samu.

A birni mota tana iya yin shekara ba raga ba abin da ya same ta. A hanyoyinmu na ƙauye, inda tsakuwa take, ciyawa kuma ta fi mota tsayi da kaka, ba haka abin yake ba.

MENE NE WANNAN ƘYALLIN?

Mutane da yawa suna tsammani ragar gaba ɗayanta azurfa ce ko wani farin ƙarfe. A'a. Ƙyallin shafe ne kawai na wani ƙarfe da ake kira kurom. Wani masani a Faransa mai suna Vauquelin ne ya gano wannan ƙarfe a 1797, amma sai a shekarun 1920 aka iya shafa shi a kan wasu ƙarafa a masana'antu, daga nan masu ƙera motoci suka karɓe shi.

Ana yin shafen ne da wutar lantarki a cikin kwatarniyar sinadari. Sau da yawa akan fara da tagulla, a bi da wani ƙarfe mai suna nikel, sa'an nan a rufe da kurom. Nikel ne mai kauri a cikinsu, shi ne kuma yake tsare ƙarfen ciki daga ruwa. Kurom na sama bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Gashin kan mutum guda ɗaya ya fi shi kauri fiye da sau 100. Wannan ya sa wanda ya goge shi da yashi ko toka mai tsakuwa, kamar yadda ake wanke tukunya, yake kankare shi ƙarƙaf ba tare da ya sani ba.

Kurom kansa ba ya yin jar tsatsa. Jar tsatsar da kuke gani daga ƙarfen da ke ƙarƙashi take fitowa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Tsakuwa takan yi ɗan rami a shafen, ruwan sama ya shiga, ƙarfen ciki ya fara tsatsa, tsatsar ta ɓullo waje ta bazu. Da farko ɗigo-ɗigo ne da ake iya gogewa. In an bar ta, sai ta bi ta ƙarƙashin shafen ta ɗaga shi kamar ƙuraje, daga baya ya riƙa ɓarewa.

KA FARA SANIN IRIN RAGARKA

Ba duk raga mai ƙyalli ce iri ɗaya ba, kuma maganin wata yakan kashe wata. Samo maganaɗisu daga tsohuwar lasifikar rediyo, ka gwada.

In maganaɗisu ya kama, kuma akwai jar tsatsa, baƙin ƙarfe ne da aka shafa wa kurom. Irin wannan ya fi yawa a tsofaffin motoci.

In ba tsatsa ko kaɗan, sai dai dushewa da ƙarce-ƙarce, mai yiwuwa ƙarfe ne marar tsatsa irin na kwanukan silba. Wannan ya fi sauƙi, goga kawai yake bukata. Wani irinsa yana kama maganaɗisu, wani ba ya kamawa.

In bai kama ba, ba nauyi, kuma ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari, alminiyam ne.

In ka juya bayansa ka ga baƙi, toka-toka ko ruwan madara, ka ƙwanƙwasa kuma bai yi ƙarar ƙarfe ba, roba ce aka shafa wa kurom. Tun shekarun 1960 ake yin wannan, kuma yawancin motocin da aka ƙera daga baya, har da Toyota Hilux masu ƙyalli a gaba, irin wannan gare su.

Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, aka kuma daɗe ana harhaɗa ta a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, da yawansu baƙar roba ce ragarsu, da tambarin zaki a tsakiya. Mercedes 200 da 230 na shekarun 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, waɗanda muke kira Marsandi, suna da zagayen ƙarfe mai kurom, cikinsa kuma roba ce da siraran sanduna masu ƙyalli.

KAYAN DA ZA KA TANADA

• Sukurudireba biyu, mai baki ɗaya da mai baki huɗu
• Sufana lamba 8 da lamba 10, da filaya
• Kananzir da aka haɗa da ɗan man inji, a cikin ƙaramar kwalba
• Bokiti, garin sabulu, tsohon buroshin goge baki, da tsummoki masu laushi na auduga
• Takardar alminiyam irin wadda ake naɗe gasasshen kifi
• Lemun tsami ko jiƙaƙƙiyar tsamiya
• Gwangwanin madara biyu ko uku domin zuba kusoshi
• Safar hannu, da abin rufe hanci da baki

In aikin zai kai ga fenti, sai ka ƙara samfefa lamba 180, 320 da 600, salatif na takarda, tsofaffin jaridu, fentin shimfiɗa da masu fenti ke kira firema, da fentin feshi na gwangwani.

YADDA AKE CIREWA

1. Ka ajiye motar a inuwa, a wuri mai daidai, ka ja birkin hannu, ka sa dutse a taya. Ka bar inji ya huce sarai. Ka zare makulli ka sa a aljihunka.

2. Ka cire kan batir mai alamar ragi. A motoci da yawa fankar lagireto ta lantarki ce, tana iya tashi da kanta ko inji a kashe yake, ta yanke yatsu.

3. Ka buɗe bonet, ka tabbata sandar da ke tokare shi ta zauna da kyau. Kafin ka taɓa kome, ka ɗauki hoto da waya, ko ka zana a takarda inda kowace kusa take. Gobe ba za ka tuna ba.

4. Ka ɗiga kananzir ɗin nan a kan kowace kusa da noti, ka ba su kamar rabin sa'a. In sun yi tsatsa ƙwarai, ka ɗiga da yamma ka dawo da safe. Wasu makanikai suna zuba man birki domin ya saki tsatsa. Kada ka yi haka a nan, gama man birki yana cin fentin mota.

5. Ka fara kwance na sama. Ka danna sukurudireba da ƙarfi kafin ka juya, domin kada bakin kusar ya lalace. In ta ƙi, ka ɗan ɗaure ta kaɗan tukuna, sa'an nan ka kwance. Na sama su shiga gwangwani ɗaya, na ƙasa wani gwangwanin, domin tsawonsu yakan bambanta.

6. In raga ta roba ce, bayan kusoshi akwai maƙalai na roba da suke riƙe ta. Ka leƙa ta baya da tocila ka ga inda suke, ka danna harshen kowanne da sukurudireba, kana jan ragar a hankali. Robar da ta sha ranar shekaru tana karyewa kamar busasshen kara. In raga ta ƙi fitowa, akwai kusa ko maƙalin da ba ka gani ba. Ka sake dubawa, kada ka fizge. A wasu motocin sai an fara cire ƙananan fitilun gefe kafin a kai ga kusoshin ƙarshe.

7. A Marsandi ragar a jikin bonet take, tana tashi tare da shi, kusoshinta kuma ta ciki ake kwance su. Ɗan harshen robar da ake ja a buɗe bonet ta cikin ragar yake leƙowa, sai ka lallaɓa ka fitar da shi. Ka sa mutum ɗaya ya riƙe ragar lokacin da kake kwance kusa ta ƙarshe.

8. Ka kwantar da ragar a kan buhu ko tsohon bargo, ba a kan siminti ba. In tambarin motar yana ciruwa, ka cire ka adana.

KAFIN KA KOMA KAN RAGA, DUBI LAGIRETO

Yanzu da gaban motar yake a buɗe, wannan ne lokacin da ya fi dacewa a share lagireto. Za ka tarar da ƙaiƙayi, 'ya'yan ciyawa, fara, da busasshiyar laka sun toshe shi. Ka share da buroshi mai laushi, kana bin tsawon filla-fillan. Sa'an nan ka zuba ruwa a hankali daga ɓangaren inji zuwa waje, domin dattin ya koma ta inda ya shigo. Ka kiyaye ruwa daga wayoyi da kan batir. Kada ka tsokale da ƙusa ko waya. In ka ga wurin da ya yi kore-kore, fari-fari ko danshi, yoyo ne ya fara, a nuna wa mai gyaran lagireto tun bai yi girma ba.

Abu guda kuma da kowane direba da yaron mota ya kamata su riƙe: ba a buɗe murfin lagireto da zafi. Murfin yana matse ruwan ne har zafinsa ya wuce na tafasasshen ruwan tukunya, ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Da an buɗe, sai ya yi tsalle ya ƙona fuska da hannu.

IN TSATSAR BA TA YI NISA BA: GOGA

Ka wanke ragar da ruwan sabulu da buroshin goge baki, lungu-lungu, ka ɗauraye. Wanki ne farko, domin ƙurar da ta rage ita ce za ta karce shafen in ka fara goga.

Ga baƙin ƙarfe mai kurom, ka yagi takardar alminiyam kamar faɗin tafin hannu, ka dunƙule ta, ka tsoma a ruwa, ka riƙa goga wurin tsatsar a hankali. Alminiyam ya fi kurom laushi nesa, don haka yana ɗauke tsatsar ba tare da ya ci shafen ba. Za ka ga wani baƙin ruwa yana fitowa, ka riƙa sharewa da tsumma. Inda tsatsar ta yi taurin kai, ka matsa lemun tsami ko ka shafa ruwan tsamiya, ka bari kamar minti 10, ka sake gogawa. Bayan haka ka wanke da ruwan sabulu sosai, gama tsamin da aka bari a kan ƙarfe shi ma yana jawo sabuwar tsatsa. Ka shanya ta bushe ƙayau.

Goga ba ta toshe ramukan da tsatsar ta fito. In ka tsaya a nan, ruwan sama biyu ya isa ya dawo da ita. Dole a shafa man goge mota, ko kakin zuma da aka narkar da ɗan kananzir, a bari ya sha iska, a murza da busasshen tsumma. Bayan ragar kuwa, inda ido ba ya gani, nan tsatsa ta fi ɓarna. Ka kankare ta da samfefa, ka shafa jan fentin hana tsatsa irin wanda maƙeran ƙofofi suke amfani da shi.

Ga roba mai kurom, ruwan sabulu da tsumma mai laushi kaɗai. Kada soson ƙarfe ya taɓa ta. Kada kuma a sa mata tina ko fetur, gama suna ɓata robar, tina ma narkar da ita take yi.

Ga alminiyam, ku kiyaye shi daga sodar da zumuntar mata suke yin sabulu da ita. Sodar tana cin alminiyam, tana kuma ƙona fata.

IN SHAFEN YA FARA ƁAREWA: FENTI

In kurom ya kumbura ko yana ɓarewa, ba gogar da za ta dawo da shi. Sake shafa kurom na gaskiya aikin masana'anta ne, kuɗinsa kuma yakan fi na sayen wata ragar. Abin da za mu iya yi a gida shi ne fenti.

Bari mu faɗi gaskiya tun da wuri. Gwangwanin da ake sayarwa da murfi mai walƙiya, ana cewa fentin kurom ne, ba ya ba da ƙyallin madubi. Launin azurfa yake bayarwa, yana kuma dushewa da wuri. Baƙin fenti marar ƙyalli sosai ya fi daɗewa, ya fi ɓoye tabo, ya kuma fi sauƙin gyarawa in tsakuwa ta sake dukansa.

Fenti ba ya kama kurom domin santsinsa da taurinsa. Wanda ya fesa kai tsaye zai ga fentin yana saɓulewa kamar saɓar maciji kafin wata ya ƙare. Kashi mafi girma na aikin a shiri yake.

1. Ka sa safar hannu. Ɓawon kurom, musamman na kan roba, yana da kaifi kamar reza. Ka ɓare duk wanda ya riga ya ɗaga.

2. Ka jiƙa samfefa lamba 180, ka goge ko'ina har ƙyallin ya mutu ƙurmus, tsatsa kuma ta fita har ka ga farin ƙarfe. Ka bi da lamba 320 domin ka daidaita gefen wuraren da suka ɓare. Ka naɗe samfefa a jikin ɗan kara domin shiga tsakanin sanduna. Duk inda ka bari yana ƙyalli, daga nan fenti zai fara tashi.

3. In akwai karaya, yanzu ne lokacin gyaranta. Ta ƙarfe a kai wa mai walda ko mai gyaran jikin mota. Ta roba a haɗa ta ta baya da gam mai kwalba biyu da ake cakuɗawa, a ɗora ɗan guntun ragar waya domin ƙarfi.

4. Ka wanke da ruwan sabulu, ka ɗauraye, ka shanya har ruwan lungu ya bushe. Daga nan kada ka ƙara taɓa ta da hannu tsirara, gama maiƙon hannu yana hana fenti kamawa. Ka rufe tambari da duk inda ba ka so fenti ya taɓa da salatif da jarida.

5. Ka rataye ragar da waya a ƙarƙashin rumfa. Ka yayyafa ruwa a ƙasa domin ƙura ta kwanta. Ka girgiza gwangwanin firema kamar minti 2. Ka gaya wa mai shago ko ragarka ta ƙarfe ce ko ta roba, domin kowacce da firemar da take kama ta. Ka riƙe gwangwanin nesa da ragar kamar taƙi ɗaya, wato santimita 20 zuwa 25, hannunka yana tafiya ba tsayawa. Shafe biyu marasa kauri, da hutun minti 10 zuwa 15 a tsakani.

6. In firema ta bushe bisa ga abin da aka rubuta a jikin gwangwani, ka shafa samfefa lamba 600 sama-sama, ka share, sa'an nan ka fesa launi sau uku, kowanne siriri. Shafen farko zai yi kamar bai rufe ba. Haka ake so. Mai gaggawar da ya zuba da yawa lokaci ɗaya, fentinsa zai zubo kamar hawaye.

7. Ka bar ta kwana ɗaya cur kafin ka taɓa, kwana biyu kafin ka mayar. Kada a wanke ta da sabulu sai bayan mako biyu.

Lokacin da ya fi kyau shi ne da hantsi, ranar da ba iska. Ƙarshen damina, kafin ƙurar hunturu ta sauko, ya fi kowane lokaci. Ranar hadari fenti yakan yi hazo-hazo, a tsakar rana kuma yakan bushe tun bai kwanta ba.

KIYAYE LAFIYA

Wani zai ce maka a jiƙa ragar a ruwan batir ko wani asid domin kurom ya fita. Kada ka yarda. Ruwan batir yana makantar da ido, abin da ya rage kuma in an zubar yana iya bin ƙasa ya kai rijiya. Sinadarin da masana'antu suke shafa kurom da shi ma guba ne da aka tabbatar yana kawo ciwon daji, shi ya sa ba aikin gida ba ne.

Muna cewa a jiƙa samfefa ne domin kada ƙura ta tashi. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma. Mun tuna abin da ya faru a Jihar Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka mutu saboda ƙurar dalma. Can daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta fito, amma dalma ɗaya ce ko daga ina ta fito, kuma ƙananan yara da mata masu ciki ta fi yi wa lahani. Saboda haka yara su yi nisa da wurin aikin, kada a yi shi kusa da madafa ko inda ake shanya hatsi. Ruwan wankin a zuba shi a rami nesa da rijiya, a rufe. Mai aikin ya wanke hannu kafin ya ci abinci.

A yi feshi a waje, nesa da murhu, fitilar kwai da mai shan taba. Gwangwanin da ya ƙare kada a jefa shi a wuta, yana fashewa, kada kuma a ba yara su yi wasa da shi.

MAYARWA

Ka duba hotonka. Ka shafa ɗan giris a kan kowace kusa, domin wanda zai kwance nan gaba ya gode maka. Ka sa dukan kusoshin sako-sako tukuna, ka daidaita ragar har tazarar da ke tsakaninta da fitilar dama da ta hagu ta zama ɗaya, sa'an nan ka ɗaure. A kan roba, da ka ji kusa ta zauna ka tsaya. Maƙalin da ya karye a sayi sabo, in babu a ɗaure da igiyar roba mai haƙora. Ka mayar da kan batir, ka rufe bonet ka buɗe sau biyu, ka gwada fitilu.

In kana so ka ƙara tsaro, ka ɗaura ragar waya mai ramuka kamar faɗin fensir a bayan ragar motar. Kada ka sa ragar sauro ta taga, tana toshewa da ƙura nan da nan ta hana iska. Haka nan allon sunan ikkilisiya, lambar mota, ko ganyen da ake ɗaurawa ranar biki, kada su rufe gaban lagireto. A tafiyar farko ka riƙa duban allurar zafi.

In ragar ta ruɓe har ba abin kamawa, a nemi ta hannu a kasuwannin kayan mota irin su Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. A tafi da tsohuwar domin a gwada, gama mota iri ɗaya takan canza raga daga shekara zuwa shekara.

KAYAN KOWA, AIKIN WA?

Motar ikkilisiya da baikon gwauraye da buhunan manoma aka saye ta, ko kuwa 'yan'uwa na nesa suka ba mu amana. A ƙauyuka da yawa ita ce motar asibiti, ita ce mai kai taki, ita ce mai kai gawa gida. Amma abin da yake na kowa sau da yawa ba mai kula da shi. Muna ba da shawara kwamitin ikkilisiya ya naɗa mutum ɗaya, ban da direba, wanda zai riƙa zagaya motar sau ɗaya a wata da ɗan littafi a hannu. Ya duba raga, lagireto, taya da fitilu, ya rubuta abin da ya gani. Ragar kuma a wanke ta duk lokacin da aka dawo daga hanyar laka, a shafa mata kaki a farkon damina da ƙarshenta. Matasa biyu ko uku su tsaya tare da mai gyaran, domin su koya. Wanda ya iya wannan aikin zai iya gyara mudugar babur, bakin keke, da ƙofar ƙarfe ta majami'a.

DOMIN TATTAUNAWA A ƘUNGIYA

Ku karanta misalin talanti a Matiyu 25:14-30, sa'an nan ku tattauna:

1. Waɗanne kaya ne ikkilisiyarmu take da su a hannu, kamar mota, injin niƙa, famfon burtsatse ko janareta? Wa yake kula da kowanne?
2. Akwai ƙaramin gyaran da muka daɗe muna ɗagawa? Nawa zai ci yau, nawa kuma zai ci in ya lalace gaba ɗaya?
3. In direba ya ga matsala, wa zai gaya wa, kuma ana sauraronsa?
4. Waɗanne matasa ne, maza da mata, za mu iya koya wa irin wannan aiki a wannan shekara?

Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon amana, ya kuma kiyaye fitarku da shigarku a kan hanya. Amin.